Tambayar da Baffa Ya Yi a Bakin Husain Sagar

Abu biyu ne ke kai hankalin Bahaushe Indiya, fim da ciwo. Na farkon ya raine ni tun ina satar jiki zuwa Marhaba da Plaza, na biyun kuma shi ya sa na yanki tikiti. A ƙarshen daminar 2024 na raka ƙanin mahaifina birnin Haidarabad da ke jihar Telangana domin a yi masa aikin ƙugu. Baffa magini ne irin na da, mai tubali da azara da makuba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan katangun mutane, har ƙugun ya ce ya gaji. Ni na ɗauki nauyin tafiyar, kuma ban bar kowa a dangi bai san da haka ba.

Sana'ata dillancin filaye. Gara in faɗa tun yanzu, don duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Na sauka ina taƙama ina jin Indiyanci. Tun a teburin karɓar marasa lafiya asirina ya tonu. Indiyancin da na tara na soyayya ne da ɗaukar fansa, kuma ban taɓa ganin fim ɗin da jarumi ya tambayi inda ake biyan kuɗin gwajin jini ba. Ga shi mutanen garin Telugu suke yi, Musulminsu kuma wani irin Urdu nasu na kansu. Dole na nemi tafinta, na sami wani yaro ɗan Maraɗi da ke karatun harhaɗa magunguna, yana taimakon masu jinya a biya shi abin sayen littafi. Shi ya samo mana ɗaki a Tolichoki, unguwar da 'yan Somaliya da Sudan da Yaman suka cika, inda za ka sami shinkafa da nama irin wadda tsoho zai iya ci ba tare da yaji ya sa shi hawaye ba.

Mai gidan da muka sauka dattijo ne mai jan gemu na lalle. Wata rana bayan la'asar ya kai mu bayan matakala ya nuna mana wani layi a bango, wanda fenti ya kasa rufewa. Layin ya kai ƙirjina. Ya ce nan ruwa ya tsaya a watan Oktoban 2020, daren da sama ta buɗe wa birnin, aka yi ta kwashe mutanen Nadeem Colony a kwalekwale daga saman benaye. Mutane da dama sun mutu a wannan ambaliya. Ya ce shi bai san cikin tafki ya saya ba. Wurin gefen wani tsohon tafki ne da ake kira Shah Hatim, aka yi ta cin bakinsa ana yanka filaye. Wanda ya sayar masa ya rantse masa ruwa bai taɓa zuwa nan ba.

Da tafinta ya fassara, sai na ji raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a gaya masa wannan dillali azzalumi ne, Allah ya isar masa. Har da ɗaga hannu. Baffa yana zaune a kan kujerar roba, carbi a hannu, ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa. Na ɗauka ciwo ne ya motsa, har na tambaye shi ko in kawo magani.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ana gama kwanakin fargaba, aka shiga na gashi da koyon tafiya, sai zaman asibiti ya fara gundurata. Wata yamma na bar Baffa da tafinta na hau a-daidaita-sahunsu na ce a kai ni Husain Sagar, tafkin da kowa ke cewa in ba ka gan shi ba ba ka je Haidarabad ba.

Ba zan rage masa komai ba, wurin yana da kwarjini. Ruwa ne shimfiɗe a tsakiyar gari, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5, birni ya kewaye shi ta ko'ina. Ta gabas akwai doguwar madatsar da suke kira Tank Bund, wadda ta zama babban titin da ya haɗa Haidarabad da tagwayenta Sikandarabad, an jera mutum-mutumin manyan mutanen ƙasar Telugu a gefensa. Ta yamma wani titi ya lanƙwasa ya bi bakin ruwa, in dare ya yi fitilunsa suka kama sai ka ga dalilin da suka sa masa suna Necklace Road. Daga kudu ga farin ɗakin ibadar Birla a kan dutse, ga sabuwar sakatariyar jiha da aka buɗe a 2023 mai ƙubbobi kamar fadar sarki. A tsakiyar ruwan kuma wani ƙaton gunkin Buddha yana tsaye ya ɗaga hannu ɗaya, tsayinsa mita 18, daga dutse guda aka sassaƙa shi. Iyalai sun fito, yara na cin masara gasasshiya, samari na ɗaukar hoto.

Ni ma na ɗauka. Na gyara hula, na juya wa ruwa baya, na ɗauka har sai da na sami wanda tumbina bai fito sosai ba. Na ɗora a Facebook na rubuta dogon sharhi: ku dubi yadda mutanen da suka san darajar tarihi suke adana kayansu, mu kuwa shugabanninmu ba abin da suka iya sai sayar da filin makaranta da na maƙabarta. Na rufe da Allah ya kawo mana gyara. Aka yi ta yaba mini. Wani ma ya ce irina ake bukata a majalisa.

Abin da hoton bai ɗauko ba shi ne wari. Tun kafin ka hango ruwan yake tarar ka, wani ɗoyi mai nauyi na kwata da ta kwana. Ruwan kore ne shar a gefe-gefe, leda da robobi na yawo. Ba a daɗe da gama bikin Ganesh ba, wanda mabiya addinin Hindu ke kawo dubban gumakan nan masu kan giwa su nutsar a tafkin, don haka injinan ɗaga kaya suna ta tsamo ƙarafa da katako da tsumma. Na toshe hanci da hankici, na cire shi lokacin hoto, na mayar. Kuma ban rubuta wannan ba, don zai ɓata mini wa'azi.

A lokacin babu abin da talabijin ɗin ɗakin jira ke nunawa sai katafila tana rushe gine-gine. Tafinta ya bayyana mini cewa a watan Yulin shekarar gwamnatin jihar ta kafa wata hukuma, HYDRAA, aikinta ƙwato tafkuna da hanyoyin ruwa daga hannun waɗanda suka cinye su. Kowane tafki yana da iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika maƙil, kuma bayan iyakar akwai tazarar da doka ta hana gini, mita 30 ga manyan tafkuna, mita 9 ga ƙanana. A watan Agusta suka rushe wani katafaren zauren biki na jarumi Nagarjuna, wanda duk mai kallon fassarar Indiya-Hausa ya san fuskarsa, bisa zargin ya shiga cikin wani tafki. Shi ya musanta ya tafi kotu. Ni kuwa na tafa. Na ce wa Baffa, ka ga ƙasar da doka ke aiki, ba sani ba sabo. Ya ce, “Uhm.”

Baffa ba ya kiran sunana, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini. Babana yake ce mini tun ina cikin zani. Da likita ya ce lallai ya riƙa fita yana taka ƙafa, sai na ce yau zan kai shi ya ga abin mamaki. A raina so nake ya koma gida ya ba da labari, a ji cewa ɗan wansa bai tsaya ga biyan kuɗin asibiti ba, har yawon buɗe ido ya kai shi.

Direban da ya ɗauke mu tsoho ne Musulmi, haifaffen cikin gari wajen Charminar, mai son magana. Yana tuƙi yana zuba, tafinta yana juyawa. Ya ce tafkin ya girmi birnin kansa. Wajen 1563 aka yi shi, zamanin Sarki Ibrahim Kuli Kutub Shah, lokacin fada tana kan dutsen Golkonda, kuma sai a 1591 ɗansa Muhammad Kuli ya kafa Haidarabad. Wanda ya tsaya a kan aikin wani bawan Allah ne, Husain Shah Wali, shi ya sa tafkin ke amsa sunansa ba na sarki ba. Na lissafa a raina, ashe lokacin Muhammadu Rumfa bai fi shekara sittin da 'yan kai da rasuwa ba. Ba haƙa rami suka yi ba. Wani rafi ne da ke gangarawa kogin Musi suka tare da bangon ƙasa da dutse, ruwan damina ya taru a baya, aka sha, aka yi noman rani.

Ya ce kakansa ruwan nan ya sha. Garin ya dogara da shi har wajen 1930. Abin da ya sauya lamarin ambaliyar Musi ce ta watan Satumban 1908, wadda ta ci dubban rayuka. Bayanta aka gayyato injiniya Visvesvaraya ya ba da shawara, aka gina manyan madatsu biyu a bayan gari, Osman Sagar a 1920 da Himayat Sagar a 1927, zamanin Nizam Mir Osman Ali Khan. Da famfo ya koma can, sai aka daina jin tsoron ɓata wannan. Rafukan da ke ciyar da shi suka zama lambatu. Na Kukatpally ya riƙa kawo dagwalon masana'antu, sauran suka kawo na gidaje. An ciyo bashi daga Japan an yi aikin tace ruwan, amma ga shi nan dai, hanci shaida ne. Ya nuna wuraren shaƙatawa da ke bakin ruwa ya ce da yawansu a kan ciko suke, da can duk ruwa ne. Da muka ratsa wata unguwa mai gadar sama ya ce sunanta Masab Tank, tafki ne na wata uwar sarki, yau sai sunan da ɗan lambu.

Labarin gunkin ma ya ba mu. N. T. Rama Rao, ɗan fim ɗin da ya zama babban ministan jiha, shi ya sa aka sassaƙa shi. Nauyinsa ya haura tan 300. A watan Maris na 1990 ana ɗauke da shi a jirgin dako zuwa tsakiyar ruwa, jirgin ya kife, mutum kusan goma suka mutu, gunkin ya kwanta a ƙasan tafki sai a 1992 aka tsamo shi aka kafa. Na ce wa Baffa akwai jirgi daga Lumbini Park da ke kai mutane har gindinsa, ko mu shiga? Ya ce shi da ya zo neman lafiya ba zai hau ruwa ya tafi gaida gunki ba. Direba ya tambayi me ya ce, aka fassara, ya yi dariya har da buga sitiyari.

Muka sauka a Tank Bund. Baffa ya dogara sandarsa ya taka a hankali har bakin ƙarfe. Ina ta nuna masa, ga sakatariya, ga tuta, ga fitilu. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya dubi ruwan, ya juya ya dubi ɗaya gefen titin, inda gidaje suke can ƙasa, rufinsu bai kai tsayin inda muke tsaye ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Babana, tambaye shi, ina mafitarsa?”

Ban gane ba. Ya ce, “Ruwan nan ya fi gidajen can tudu. In ya cika, ta ina yake fita?”

Direba ya ji tambayar ya dubi Baffa da wani irin girmamawa, ya ce mu hau. Ya kai mu can ƙarshen madatsar ta wajen Sikandarabad, wurin da ba mai zuwa ɗaukar hoto. Damina ta cika tafkin, ruwa yana tsallake wani bangon dutse yana zuba da ƙara, fari da kumfa, yana shiga wata babbar magudana da ta ratsa tsakiyar unguwanni ta nufi Musi. Direba ya ce a watan Agustan 2000 ruwan ya fi ƙarfin magudanar, saboda an matse ta da gine-gine, ya shiga gidajen da ke bakinta.

Baffa ya gyaɗa kai. Ya ce, “Wanda ya yi wannan ya san ruwa. Ba a tare shi sai an yanka masa ƙofa.” Ya yi shiru. Can ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, “Namu ta bayan gidan mai koko take.”

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Sai in koma baya. A unguwarmu cikin birnin Kano akwai kududdufi. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san irinsu. Ba wanda ya zauna ya tsara su. Ƙasar da aka gina gidaje da ita, da wadda aka ɗora ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, daga wani wuri aka ɗebo ta, ramin da ya rage ruwa ya gaje shi. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya gan su, har ya yi ƙorafin ruwan Jakara. Namu a cikinsa na koyi iyo, a cikinsa na kwaso tsargiya, a bakinsa Baffa da abokan sana'arsa suke kwaɓa ƙasa da rani. Da na girma ya riga ya lalace. Kainuwa ta rufe shi, kwatar unguwa duk a ciki take ƙarewa, sauro ya hana barci, 'yan shaye-shaye sun mai da bakinsa majalisa. Wata shekara yaro ya faɗa bai fito da rai ba.

Mutuwar yaron nan ita na riƙe. Ban ƙirƙire ta ba, kuma na yi baƙin ciki da gaske, amma ina cikin baƙin cikin ina auna wurin da ido, ina ƙirga fuloti nawa zai bayar. Na tara matasa, na zagaya dattawa, na yi magana a kan sauro da tarbiyya da rayukan 'ya'yanmu. Takarda ba ta yi wuya ba, na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da abin da ake riƙewa a hannu in za a shiga. Muka yi shela ga masu tifa cewa ga wurin zubar da shara da ɓaraguzai kyauta. Rani biyu ana zubawa. Da ya cika muka shimfiɗa jan ƙasa a sama, aka kawo igiya aka yanka. Na sayar, na karɓi la'ada, na ware wa kaina fuskar titi na yi shaguna.

Ranar da tifar farko ta zo, wurin da ya fi kusa da titi aka nuna mata, wani ɗan kwari a bayan gidan wata tsohuwa mai sayar da koko. Ta nan ruwa ke malala in kududdufin ya cika, ya bi wani lungu ya faɗa babban lambatu. Ni na tsaya ina yi wa direba alama da hannu, matso, matso, juye. Baffa ya zo da kayan aikinsa duk taɓo, ya ja ni gefe don kada ya kunyata ni gaban yara. Ya ce, “Babana, in ma za ku cike, ku bar wa ruwa hanya. Ruwan unguwa bakwai ne yake kwana a nan.” Na ce, “Baffa, zamani ya wuce nan. Gwamnati za ta yi kwalbati.” Sannan na sa hannu a aljihu na ba shi kuɗin goro. Ya dubi kuɗin, ya karɓa don kada in ji kunya, ya tafi. Bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya, har ranar da muka tsaya a bakin ruwan wasu mutane.

Ba a yi kwalbatin ba. Damina ta uku, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa. Ruwan ya zo inda ya saba kwana ya tarar da shaguna, sai ya shiga gidajen mutane. Shagunana ba abin da ya same su, don na ɗaga dandamalinsu sosai, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa na san abin da zai faru. Gidajen ƙasa na tsofaffin unguwa su suka sha. Ɗakuna biyu na mai koko suka zauna. Allah ya sa tana zaure ita da jikokinta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, wasu ya doka.

Kun san abin da na yi? Na sayi buhun shinkafa da tabarmi da 'yan buhunan siminti na kai mata, da rana tsaka, a bayan a-kori-kura. Liman ya ambaci sunana bayan sallar magariba, aka yi mini addu'a, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Da 'yan rediyo suka zo, ni na yi magana da sunan unguwa. Na ɗora laifi a kan hukuma da ba ta yashe magudanu, da mata masu zuba leda a kwata. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Simintin bai isa ta da ɗaki ba. Tsohuwar ta koma wajen 'yarta a bayan gari, aka sayar da kangon. Ni na yi dillancinsa.

Duk wannan ya dawo mini a tsaye a wurin, ruwa na zuba, motoci na wucewa. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina wannan alfarmar. Kowane guntu na labarin yana nan a kaina, sai dai na ajiye su a ɗakuna daban-daban, ban taɓa barin su haɗu ba. Cike kududdufi yana ɗakin hidimar al'umma. Ambaliya tana ɗakin ƙaddara da sakacin gwamnati. Shinkafa tana ɗakin alheri. Jimla ɗaya ta tsoho ta buɗe ƙofofin gaba ɗaya. Na tuna Allah ya isan da na ja wa dillalin Tolichoki, na tuna kallon da Baffa ya yi mini, na tuna har magani na yi masa tayi. Na tuna tafin da na yi wa katafila. Na tuna abin da na rubuta a Facebook, da wanda ya ce in tafi majalisa. Gumi ya karyo mini. Tafinta ya ce, “Alhaji, lafiya?” Na ce warin ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da aka yi wa Baffa aiki da su. Hayar shagunan nan tana ciki. Ya sani. Ya hau jirgi da su, ya kwanta an yanka shi da su, yana yi mini godiya safe da yamma, kuma godiyar ta gaskiya ce. Ban san yadda ya haɗa biyun a ransa ba. Da dare ina shafa masa man zafi a ƙafa na ce, “Baffa, maganar mai koko.” Ya ce, “Ai ba ni za ka gaya wa ba.” Ya juya ya yi barcinsa.

Na daɗe ina ɗauka cewa mai cin amana ya san kansa, yana kwana da sanin shi mugu ne. Ashe ba haka abin yake ba, aƙalla a wajena. Ni da zuciya ɗaya nake zagin masu sayar da filin makaranta. Haushin da na ji a gidan mai jan gemu na gaske ne. Laifi tudu ne, kowa ya san ƙarashen maganar, amma ban san mutum zai iya hawa jirgi ya keta teku don ya hango na wani ba. Kuma na lura tafiya tana ƙara wa irina wannan ciwo. Da mun ga abin kirki a ƙasar wasu sai bakinmu ya buɗe, mu ce “mu kuwa”, mu ce “mutanenmu”, kamar mu baƙi ne aka aiko duba ƙasar.

Ba kuma cewa nake mutanen Haidarabad sun fi mu ba. Suna da irina da yawa, har sun fi ni jari, shi ya sa aka kafa musu hukuma guda. Tafkinsu yana wari, kamar yadda namu ya yi. Bambancin da na gani ɗaya ne: wannan dai ba su binne shi ba, kuma ƙofar da aka yanka masa tana aiki. Abin da yake da rai ana iya wanke shi wata rana. Namu kuwa akwai gidaje a kansa, da mutanen da suka saya da guminsu, bangonsu yana tsagewa, danshi yana hawa har taga, rijiyar da suka haƙa ruwanta baƙi ne ba ya ko wanki. Su ma na rantse musu. Da na kashe rabin ƙarfin da na kashe wajen tara masu tifa a kan yashe shi da kewaye shi, da wataƙila yaro bai sake faɗawa ba, gidan kowa bai faɗi ba. Ban gwada ba, don babu la'ada a yashe kududdufi. Duk wanda ya san titin BUK a da, ya san ruwan da ke kwance a gindin ganuwa, ya kuma ga abin da ke wurin yanzu, ya san ba ni kaɗai ba ne. Da wannan nake lallashin kaina a da. Yanzu ba ya yi mini aiki.

Mun dawo gida Baffa yana takawa da ƙafarsa. Na nemi mai koko na same ta, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na tsugunna na gaishe ta, ta gane muryata, ta fara sa mini albarka saboda shinkafar nan. Na ce, “Iya, ruwan da ya ci gidanki, ni na toshe masa hanya.” Ta ce, “Ai na sani, ɗan nan. Ta tagata nake kallonka kana kiran mota.” Ta ce ta yafe. 'Yarta da ke tsaye a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, kuma ba ta raka ni ba. Ina biya musu haya yanzu, a ɓoye, ko da yake ga shi na rubuta a nan, kun ga halin bai gama fita ba.

Na kawo wani injiniya ya duba wurin. Ya ce in ana so ruwan ya sami hanya sai an fasa shagona na ƙarshe an ratsa da magudana ta ƙarƙashin gidaje biyu. Na yarda da nawa. Masu gidajen biyu sun ce sai an biya su, kuma suna da gaskiya. A unguwa an kasu, wasu na cewa takarar kansila nake shiri, wasu na cewa Indiyawa sun yi mini wani abu a abinci. Har yanzu shagon yana tsaye, mai haya yana ciki, na ce masa sai bayan sallah, sallah ta wuce na ce sai ƙarshen shekara.

Watan jiya wani abokin sana'a ya same ni a ofis ya rufe ƙofa. Ya ce akwai wani kududdufi a wata unguwa, an gama magana da kowa, tifa ta fara zuba, saura masu sa kuɗi, ko ina ciki? Na ce masa a'a, ni na daina wannan. Amma sai da na tambaye shi nawa fuskar titi za ta kama.